Damin Mati

Kano, ranar Litinin

Zuwa ga Kawu Malam Sha'aban,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da ladabi, ina fata kana lafiya, da Yaya Jamil da iyalinsa da kake wurinsu a Ungogo. Yaya jikin idon? Allah ya ƙara sauƙi.

Kawu, na kira wayarka har na gaji. Yaya Jamil ya ce da ka ga sunana sai ka kifa ta a kan tabarma. Shi ya sa na rubuta na ba Mika'ilu direba, don na san tsohon hedimasta ba zai ƙi karanta takarda ba, ko don ya ciro kurakuran da ke ciki.

Ni ban nemi in kunyata ka ba. Zaɓe aka yi, jama'a suka ce in riƙe Ƙungiyar Ci Gaban Zangon Marke, na riƙe. Ba wanda zai manta kai da abokanka kuka kafa ta, kuka gina rumbun gari, kowane magidanci yana kawo dami ɗaya da kaka don a tallafi waɗanda abinci ya yanke wa da damina. Amma Kawu, a hannunka ƙungiyar ba ta wuce mutum sittin da 'yan kai ba. Tun da muka buɗe guruf a waya, 'yan garinmu na Kano da Abuja da Legas suka shigo, da baƙin da suka sayi filaye a bakin titi, yanzu mun haura ɗari huɗu. Alhaji Abdulkabir kaɗai, wanda bana ya shiga, ya aiko da mota cike da masara. Rumbun bai taɓa cika irin na bana ba.

Su waɗannan mutane suna so su ga inda abinsu yake tafiya, kuma ba su yi laifi ba. Babban taro ya yanke cewa ba ƙwayar da za ta fita sai da sunan mai karɓa. Za a yi rabo a filin firamare, a gaban kowa, a ɗauki hoto a tura wa waɗanda suka bayar. Gyara kayanka ai ba ya zama sauke mu raba.

Abin da nake roƙo shi ne ka faɗa mini gidajen da kuka saba kai wa. Kai da Inna kaɗai kuka san su, ita kuma ta ce in tambaye ka. An yi shuka, hatsi ya tashi a kasuwa, lokaci ya yi.

Ka huta lafiya.

Ɗanka,
Munir

*

Ungogo

Zuwa ga Mai Girma Shugaba,

Wa alaikumus salam. Na ga takardarka. Idona da sauƙi, har ya iya karanta abin da zai ɓata mini rai.

Ka ce ba ka nemi ka kunyata ni ba. To wa ya kunyata ni? Kana zaune a kan babban tebur wani mai hular sanyi, wanda ko hanyar maƙabartar garinmu bai sani ba, ya miƙe ya tambaye ni ina hatsin rumbu yake tafiya duk shekara. Aka tafa masa. Kai ɗan ƙanwata, wanda na riƙe wa hannu ya rubuta baƙin farko, ba ka ce masa ya zauna ba. Ka miƙo hannu ka karɓi mukulli a gaban jama'a kamar ana karɓe shi daga hannun ɓarawo. Na ji ciwon wannan, kuma har yau ina jin sa. Ciki da gaskiya wuƙa ba ta huda shi, amma ba a ce ba ta yi masa zafi ba.

Kana yi mini gorin mutum ɗari huɗu. Mu sittin ɗin nan kowa da daminsa a ka yake zuwa, na gonarsa, da gumin bayansa. Naku kuwa danna waya suka yi suka zama 'yan ƙungiya. Allah ya sa ba taron tsintsiya ba shara kuka tara ba.

Tunda ka girma a garin ba ka lura ba, bari in gaya maka yadda muke yi. Ba mu taɓa ba kowa sadaka ba. In mun ga alamar gida ya shiga wani hali, sai mahaifiyarka Aina'u ta sa a sussuke hatsi a gidanta, a kai kamar ana wucewa da kaya. Ni kuma in yi sallama da mai gidan in ce, wane, wuri ya yi mana kaɗan, ga gara na neman yi mana ɓarna, don Allah ka ajiye mana wannan. Sai ya ce to Malam, ai ba komai. Shi ya yi mana alfarma ke nan. Ba mu taɓa komawa karɓa ba, shi ma ya san ba za mu koma ba. Gobe mu haɗu a sahu ɗaya a masallaci, ya dube ni ido cikin ido, ya yi mini wasa in yi masa. Wannan ita ce ajiya, kuma a kanta aka gina rumbun.

Yanzu kana so in miƙa maka sunayen mutanen da suka amince da ni, ka jera su a rana, yara su ɗaga waya a kansu, a tura hotonsu Abuja. Magidanci mai furfura ya tsaya a layi surukinsa yana kallo? Ba da bakina ba. Ko za a ci gaba da ce mini ɓarawo har in shiga kabari, ba za ka ji suna ɗaya daga gare ni ba.

Ka gai da iyalinka, su ba su yi mini komai ba.

Sha'aban, tsohon shugaba

*

Zangon Marke

Zuwa ga Yaya Malam,

Sallama da gaisuwa irin ta jini. Ina fata kana lafiya, da su Jamil da yara. Mu nan lafiya lau, ruwa yana sauka, gero ya kai gwiwa.

Kai ka koya mini boko a zaure, to yau ga amfaninsa, don maganar nan ba ta waya ba ce, gidan nan kowa kunnensa a buɗe yake. Na ga amsar da ka ba ɗan naka Munir, Ciyaman, ya nuna mini. Ta yi daɗin karatu. Sai dai ba a tuƙa tuwo da ita.

Yaya, gidan Mati ne. Abokinka Mati, wanda ya yaɓe rumbun nan da hannunsa, wanda duk kaka daminsa ne na farko a ƙofa. Ka san tun da hawan jini ya taɓa masa hannu da ƙafa bai ƙara riƙe fartanya da kyau ba, ga marayun ɗansa a gabansa, ɗayan ɗan kuma yana Legas ba amo ba labari. Shekaranjiya matarsa Asama'u ta shigo wai in taimake ta da dusa za ta ba akuya. Ni kuwa da idona na ga lokacin da aka ja akuyar nan zuwa kasuwar Ɗanbatta. Na cika mata kwano da gero na rufe da dusa a sama, ta karɓa ba ta ɗago kai ba. Abin da nake da shi ba zai kai su ko'ina ba, ka san rumbun gwauruwa.

Ba yunwar ce kaɗai ta sa na rubuto ba. Dillalin Alhaji Abdulkabir, mai motar masarar nan da ake ta yabo a waya, ya fara zarya gidan. An gan shi yana taka iyakar gonar Mati ta bakin rijiya, ita ce ta rage masa, ta gadon ubansa, wadda ya yi shekara da shekaru yana zuba wa taki. Kai ka fi ni sanin ƙasar nan. Gona a jikin gona take, wanda ya saki tasa ba ya sake samun ko tafin hannu. In ta tafi, marayun nan sun zama 'yan ƙwadago har abada.

Na je wurin Ciyaman na ce ya buɗe mini rumbu kada ya tambaye ni komai. Ya ce, “Inna, kwaɗo uku ne yanzu a ƙofar, nawa da na sakatare da na ma'aji. In na ba ki babu suna, gobe a guruf za a ce na kwashe wa uwata.” Hatsi har baki, ɓera yana ƙiba a ciki, wanda ya gina rumbun yana aiken neman dusa.

Kai ma ba na ƙyale ka ba. Ka yi fushi ka kwashi jiki ka tafi Ungogo wai ganin likita. Wane irin ido ne wannan da ba ya warkewa sai an ba ka haƙuri? Ka dawo gida. In ka tsaya a gaban kwamitin nan ka ce a ba ka a kan amanarka, akwai dattawan da za su tsaya maka. Kuma bakinka kaɗai Mati zai karɓi ajiya daga gare shi.

A gai da kowa da kowa.

Ƙanwarka,
Aina'u

*

Ungogo

Aina'u,

Bayan gaisuwa, takardarki ta same ni, kuma ta hana ni cin abinci. Allah ya rufa wa Mati asiri.

Amma ki daina tsoro a kan gonar. Na san Mati tun muna kiwon awaki. Mutumin da ya taɓa kai ƙanensa gaban dagaci a kan kunya ɗaya ta gyaɗa ba zai sayar da gonar ubansa ba. Dillali zai gaji ya bari. Na ba Mika'ilu 'yar shinkafa da Jamil ya saya, ki kai wa Asama'u, ki ce ajiyata ce.

Zancen dawowa kuwa, ki ce in je in durƙusa gaban yaran da suka tafa wa wanda ya zage ni, in roƙe su abin da ni na tara? A gaban jama'a aka karɓi mukulli, a gaban jama'a za a wanke ni. Ɗanki ya tashi ranar Juma'a bayan an sallame ya ce Kawunsa bai ci ƙwayar kowa ba, kuma a janye dokar nan ta kiran suna. Ran da ya yi haka, a ranar zan hau mota. Kafin nan ina nan.

Abu ɗaya nake gargaɗinki. Kada tausayi ya sa ki faɗa wa yaron nan sunan. Zuciyarsa ba ta da mugunta, amma bai san nauyin abin ba, kuma bakinsa a haɗe yake da bakin mutum ɗari huɗu.

Ki yi haƙuri da ni. Allah ya yi mana jagora.

Yayanki,
Sha'aban

*

Zangon Marke

Yaya Malam,

Ina gaisuwa. Ba zan tsawaita ta ba, raina a ɓace yake.

Gonar ta tafi.

Shinkafarka ta ƙare kafin a je ko'ina, dillali bai gaji ba kamar yadda ka ce, kai kuma kana can kana jiran Juma'a. Sai na faɗa wa Ciyaman sunan. Na sa shi ya yi mini alkawari daga ni sai shi, ya ce zai san yadda zai yi. Ka ce na saɓa maka, na ji. Wa ka bar mini in faɗa wa?

Yadda ya san zai yi shi ne ya gaya wa sakatare, wai don a fitar da hatsin bisa doka. Sakatare kuma, yaron kirki mai son a yaba masa, ya ga ai Baba Mati babban mutum ne a ƙungiya, bai kamata a sa shi a baya ba. Ya sa shi farkon waɗanda za a yi wa shelar su fito filin firamare. Aka ɗaura lasifika a kan a-daidaita-sahu ana zaga gari. Suka zo suka tsaya daidai ƙofar masallaci bayan la'asar, lokacin da dattawa ke zaune a inuwa, Mati yana tsakiyarsu. Mai shela ya buɗe murya ya ce ga mabuƙatan da ƙungiya za ta taimaka wa bana, na farko Malam Mati.

An ce kowa ya sunkuyar da kai yana jan carbi. Shi kuwa ya laluɓi sandarsa ya miƙe da kyar, ya ce, “Wani Matin ne.” Yaya, garin nan Mati nawa ne?

Washegari ya aika a kira dillali. Aka tara shaidu, aka yi ciniki har da shukar da ke kai. Ran Lahadi ya sa aka sayo masa buhun masara daga Ɗanbatta, ya ce a bi da shi ta gaban masallaci da rana tsaka. Da yamma Asama'u ta raba tuwo gida gida, har ni aka kawo wa, da miyar kuɓewa da nama. Na ajiye kwanon a gabana na kasa ci. Gonar ubansa ce a ciki.

An yi rabon nasu kuwa. Rumfuna, kujeru, ruwan leda, 'yan Kano da manyan riguna. Layi har bakin titi, rabinsu daga wasu garuruwa, wasu kuma na san rumbunsu a cike yake. A gidajen da muka saba kai wa ajiya ban ga mutum ɗaya ba. Aka yi ta kiran sunan Mati a lasifika ba wanda ya amsa. Alhaji Abdulkabir ne ya miƙa buhun farko, aka yi masa hoto yana murmushi.

Ka ce ka san Mati tun kuna kiwon awaki. Ka san ba zai sayar don yunwa ba, gaskiyarka. Ba ka lissafa da kunya ba, kai da ka fi kowa wa'azinta. Sunanka ka zauna gadi a Ungogo, ɗan naka yana gadin nasa a waya, ni ban ga bambancinku ba.

Sai wani jiƙon.

Aina'u

*

Kano

Zuwa ga Kawu,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka, in za ka amsa.

Na san Inna ta gaya maka komai. Ba zan ɓoye bayan sakatare ba, ni aka ba amana, daga bakina ta fita. Wallahi ban san za a yi shela da sunan ba sai da na ji a waya, lokacin kuwa ihu bayan hari ne.

Na je wurin Alhaji Abdulkabir na roƙe shi ya warware cinikin. Ya ba ni lemo, ya ce sadaka daban kasuwa daban, shi bai tilasta wa kowa ba, ya kuma tuna mini motar masararsa. In an cire amfanin bana zai yanka wurin fuloti fuloti. Na fito ina jin kunyar kaina, don ni na kawo shi ƙungiyar, ni na karanta sunansa aka tafa.

Na je wurin Baba Mati. Ya sa aka shimfiɗa mini tabarma, aka kawo fura, ya tambayi aikina da yara. Duk lokacin da na ɗauko maganar sai ya ce, “Sha furarka, Shugaba.” Da zagina ya yi da ya fi mini sauƙi.

Amma Kawu, ni ma ina da abin faɗa, ka yi mini afuwa. Shekarun nan duka ba ka taɓa zaunar da ɗayanmu ka nuna masa yadda ake wannan aiki ba. Ka riƙe shi kai kaɗai har mutane suka fara zargi, da aka yi zargin kuma ka yi fushi ka bar gari. Inna ta kira ka, ka sa sharaɗi. Daga Ungogo zuwa gida tafiyar hantsi ce. Ni na yi kuskure don ban sani ba. Kai ka sani.

A taro na gaba zan nemi a dawo da ajiya, a ba dattawa uku amana ba tare da kiran suna ba. 'Yan guruf za su yi mini ca, wataƙila su cire ni. In kana wurin zai yiwu, in ba ka nan ban sani ba.

Allah ya huci zuciyarka.

Ɗanka,
Munir

*

Zangon Marke, da kaka

Zuwa ga Yaya Malam da Ciyaman,

Ina gaishe ku. Takarda ɗaya na rubuta, Mika'ilu zai nuna wa kowannenku, tunda har yau ɗaya bai amsa wa ɗaya ba, taron ma an ɗage shi.

An yanke gero. Yau da hantsi Mati ya kawo daminsa ƙofar rumbu a baron aro, shi ne na farko. A wurin 'yan aikin Alhaji ya saya, daga gonar bakin rijiya. Na ce masa bana ai an ɗauke masa. Ya ce shi magidanci ne kuma ɗan ƙungiya, ba wanda zai ɗauke masa.

Ya jingina damin a bango ya zauna kusa da shi. Ya ce gobe ma zai dawo, ba zai ba sakatare damin ba, ba zai ba ni ba, sai a hannun shugaba, tsoho ko sabo.

Ku yanke a tsakaninku wanda yake da idon da zai zo ya karɓa.

Wassalam.

Aina'u